Birinya da Cikin Alice

Manga, 4 ga Oktoba, 2006

Ƙanena Joel,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya bariki?

Joel, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Muna gadin dawa da matarka Alice, sai ga birinya ta sauko daga dutse rungume da jinjiri. Na ɗauki hoge zan jefe ta, sai na lura jinjirin ba rai, ga cibiyarsa ɗanya. Ɗaga shi take tana leƙa hancinsa, wai ko zai yi numfashi. Alice ta dafe cikinta ta zauna. Tun ranar motsin ɗanku ya ragu. Tsofaffi sun ce ganin gawar ne, a turara ta, kada ta fita. Bayan ɓari biyu da ta yi, ni kam tsoro nake ji.

Yayarka,
Beatrice

Jos, 9 ga Oktoba

Yaya Beatrice,

Na gaishe ki da Inna. Ban yi wa iyayen Alice noman golmo na neman aurenta har bayana ya kusa karyewa don a zauna ana hayaƙi ba. Ku kai ta Zuru a yi hoton ciki. Yau, ba gobe ba. Na kasa cin abinci.

Ubangiji ya tsare ku.
Joel

Manga, 13 ga Oktoba

Kwamanda,

Barka da ba da oda! Ai kafin takardarka ta iso mun je mun dawo.

Joel, na ga ɗanka a allon na'ura. Ƙirjinsa bai fi ƙwan zabuwa ba, amma yana sama yana ƙasa! Na ce, "Likita, a ina ya samu iska?" Ta yi dariya ta ce babu iska, cikin ruwa yake gwajin numfashi kafin ya fito. Ta ce har a cikin birai an duba, jinjirin da zai mutu a ciki wannan motsin nasa yakan rikice tukuna. Na ɗanka daidai yake tafiya. Zazzaɓin da ke jikin Alice ne ya kwantar da shi, an ba ta magani. Na yi kuka a gaban mutane ba kunya. Wa ya koya wa ɗan nan numfashi?

Jiya na koma gona. Birinyar tana nan, har yanzu ba ta ajiye nata ba. Ta karya zangarniya ina kallo, ban kore ta ba.

Je ka ci abinci. Sai ka zo.
Beatrice