Maiƙo a Hannun Rigar Baba

Yamai, Afrilu 1985

Zuwa ga Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗan Azumi da yara. Ki gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, ki roƙar mini gafararta da na daɗe ban rubuto ba. Aikin rijiyoyi ne ya kai mu daji, ba mu jima da dawowa ba.

Yaya, maganar Bintu da na taɓa yi miki, ungozomar nan ta matanite, asibitin haihuwa, ta yi nisa. Mahaifinta Alhaji Mustafa, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya ce yana so ya gan ni kafin a turo manya. Na zaci gida zai kira ni in durƙusa a zaure in gaishe shi. Ashe wai abincin maraice za mu ci tare a wani restora na bakin kogi, irin wanda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a jera wa mutum cokula kamar za a yi masa aiki a likita.

Abin da ya dame ni shi ne kayan da zan sa. Abokan aiki sun ce kostim da karabat, wato kwat da ɗaurin wuya irin na Turawa, har ɗaya ya ara mini nasa. Na gwada, na duba madubi, sai na ga kamar wani ne dabam ya zo neman auren. Baturen da muke aiki tare, mutumin ƙasar Ekos, ya ga ina ta juyi, ya ciro hoton aurensa ya nuna mini. Wallahi Yaya, zane ne a ƙugunsa, mai ratsi-ratsi, ga gwiwoyi a waje. Ya ce a garinsu da shi namiji yake zuwa babban wuri, kuma ratsin na gidansu ne.

Tun ranar nake tunanin rigar saƙin Baba mai aska biyu. Tana nan kuwa? Na san tun rasuwarsa Inna ba ta bari a taɓa ta. Ki lallaɓa ki tambaye ta. In ta yi shiru, ki bar maganar.

Na gaishe ku duka.
Ƙanenki, Suma'ila

*

Birni, Damagaram, Afrilu 1985

Auta,

Gaisuwarka ta iso, kowa yana amsawa. Inna tana wurina yanzu. Na je Dakusa na taho da ita da ƙyar, don ƙauyen ya watse, rabin gidaje an ja musu ƙaya a ƙofa. Amma muna nan da sauƙi, kada ka sa komai a ranka.

Labarin Baturenka mai zane ya zaga unguwa. Matan gidanmu sun ce in tambaye ka ko da ɗankwali yake haɗawa. Kai dai ka gode Allah Baba riga ya bari.

Na karanta wa Inna takardarka. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ce shi ke nan, na ɓata mata rai. Can sai ga ta da rigar a rungume, har da wando da hula. Ashe a cikin kayanta ta taho da ita daga Dakusa, ban sani ba. Na kai mabuga an buge ta, tana ƙyalli kamar sabuwa. Inna da kanta ta turara ta ta naɗe.

Ta ce in gaya maka Baba ƙato ne, kai kuwa tsinke, saboda haka ka naɗe hannayen a kafaɗa da kyau, kuma kada ka yi sauri in kana tafiya. Alkasum direban kamyon, babbar motar hatsi, zai kawo maka ita hannu da hannu.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarka Rabi

*

Yamai, Mayu 1985

Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa, riga ta iso lafiya. Da na kwance ƙunshin, ƙamshin ɗakin Inna ya cika mini ɗaki.

Amma Yaya, ba ki kyauta mini ba. Kin ce kuna nan da sauƙi. Alkasum ya ce da ya zo karɓar saƙon bai gane Inna ba sai da ta yi magana. Ya ce a Dakusa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci, take jiƙawa tana ci kafin ki ɗauko ta, kuma ko a nan Birni sau ɗaya kuke ɗora tukunya, ita kuma tana tura wa jikoki rabonta ta ce ta ƙoshi. Ya ce da kika dawo daga mabuga wani dillali ya zo har gida ya ce a ba shi rigar ya ba da hatsi, Inna ta hana.

Ta yaya zan sa rigar da uwata ta zauna da yunwa a kanta, in je in zauna gaban nama? Na fasa. Zan sa kostim ɗin aro, in ya so ya yi mini yadda ya ga dama. In Alkasum zai komo zan ba shi rigar, ku kira dillalin. Ga shinkafa da ɗan mai da sukari na ba wani direban ya yi gaba da su. Ki tsaya a kanta sai ta ci, don Allah.

Ƙanenki, Suma'ila

*

Birni, Mayu 1985

Auta,

Shinkafa ta iso, Allah ya yi maka albarka. Alkasum kuwa, bakinsa ya fi motarsa gudu, zan gamu da shi.

Gaskiya ne, na ɓoye maka. Kana can kana haƙa wa mutane ruwa, me damuwarka za ta ƙara mana? Kowane gida a Birni yanzu yana da baƙi daga ƙauye. Takalman da Malam yake ɗinkawa suna nan rataye, ba mai saye. Haka shekarar ta zo wa kowa.

Maganar mayar da riga, na gaya wa Inna, na kuwa yi nadama. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta sa na ɗauko biro ta ce in rubuta yadda ta faɗa, ga shi:

"Suma'ila, jakin ubanka ya tafi, awakina sun tafi, tasoshina na aure sun tafi, ban yi kuka ba. Rigar nan na riƙe ne don ubanka bai ga ranar da za ka je neman aure ba. Ina so a gan ka a san daga gida ka fito. In ka maido ta ba ka sa ba, yunwar da na ji ta tashi a banza."

Ka ji. Ni ba ni da abin ƙarawa, sai dai ka yi aski, ka ci abin da aka sa maka, kuma ka rubuto mana komai.

Rabi

*

Yamai, Yuni 1985

Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa, an yi, amma ina jin na ɓata komai.

Na sa rigar. Bayan magariba na isa, na tarar da Alhaji da Hajiya da Bintu sun riga ni. Duk mazan wurin kostim ne a jikinsu, har Alhaji. Da na shigo mutane suka juyo, na tuna maganar Inna na rage sauri. Bintu ta kalle ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai.

Aka kawo kifi, aka kawo naman rago cikin miya. Yaya, na yanka na kai baki, ya ƙi wucewa. Ina ta juya cokali ina amsa tambayoyin Alhaji a kan aiki. Can ya ce ko abincin bai yi mini ba ne. Da na yi wayo sai in ce cikina ne. Amma sai na ji bakina yana gaya masa gaskiya: Dakusa, da anza, da dillalin, da abin da Inna ta sa kika rubuto. A gaban matarsa da ƴarsa, a kan abincin da ya gayyace ni.

Alhaji ya ajiye cokalinsa ya tambayi sunan Baba, na faɗa, ya yi masa addu'a. Ni kuma don in samu abin yi da hannuna sai na miƙa zan ɗauki burodi. Hannun rigar ya zame daga kafaɗata ya faɗa cikin miya tsamo-tsamo. Hajiya ta rufe baki da gyale. Alhaji ya taso da kansa, ya matse wurin da ƙyallen tebur, ya naɗe mini hannun a kafaɗa, ya ce rabonsa da ya sa babbar riga har ya manta, amma naɗin bai manta ba. Daga nan ya ce in ci ko loma kaɗan ce, don in an tambaye ni a gida in samu abin faɗa. Na ci.

Da za mu rabu, abin da ya ce kawai shi ne zan ji daga gare shi. Har yau shiru, Bintu ma ban gan ta ba.

Maiƙon ya zauna a hannun dama, faɗin tafin hannu. Ina tsoron wankewa kada shunin rigar ya zuba. Ki ba Inna haƙuri, ni na kasa samun kalmomin.

Ƙanenki, Suma'ila

*

Birni, Yuni 1985

Auta,

Na so in tsallake wurin miyar, Inna ta gane ina tsallake, ta ce in koma baya. Da na karanta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, yara suka taru suna kallonta, don ƙaramin bai taɓa jin dariyarta ba.

Ta ce Baba bai taɓa sa rigar nan ya je suna ko biki ya dawo hannun dama ba maiƙo ba. Shekara da shekaru tana yi masa faɗa tana gogewa da toka. Ta ce kada ka wanke, kada ka bari kowa ya wanke, tana so ta gani da idonta.

Ranar ta cinye tuwonta tas, ba ta ba kowa ba.

Maganar Alhaji kuwa, ka yi haƙuri ka jira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, bai zuba ba tukuna. Muna ta roƙo.

Yayarka Rabi

*

Yamai, Yuli 1985

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki cikin girmamawa, ina kuma durƙusawa in gaida Inna. Ni ce Bintu. Ki gafarce ni da na rubuto ba a gabatar da ni ba. Suma'ila ya koma daji wurin aiki, shi ya sa na karɓi adireshinku a wurin abokinsa.

Babana ya yi shiru ne don ya tafi Gure, inda yayarsa take. Washegarin cin abincin nan ya kama hanya, ya taho da ita da jikokinta, suna gidanmu yanzu. Da ya huta ya ce a gaya wa Suma'ila ya turo manyansa. Saƙon bai same shi ba tukuna, kun riga shi ji.

Na nemi a mayar da ni aiki matanite ta Damagaram, an amince, zan iso ƙarshen wata in sauka gidan gwaggona. In kin yarda, ina so in zo in gaida Inna. Don Allah ki rubuto mini abin da cikinta yake karɓa yanzu, da abin da take marmari, in taho da shi.

Na gode, a huta lafiya.
Ƙanwarki, Bintu