Haɓon Liman

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau na kama hanci a sallar La'asar.

Muna raka'a ta biyu cikina ya yi murɗawar nan da ba ta jiran kowa. Alwala ta tafi. Sai na yi abin da ni da bakina na sha karantar da mutane: in alwalar liman ta karye, ya jawo wani daga sahu ya ƙarasa sallar, shi kuma ya riƙe hanci ya fita kamar mai haɓo, don asirinsa ya rufu. Na ja hannun rigar Malam Mahfuz, na'ibina, na toshe hanci na fita. Da ƙyar na kai bayin masallaci. Jini ne kuma, da majina.

Tun rasuwar Baba, mahaifina, nake jan salla a masallacin nan namu na unguwar Liman Abaji, ban taɓa fita a tsakiya ba. Shi Baba har makon da ya rasu yana gaba.

Talata, 8 ga Afrilu

Baba Dogara ya tare ni a ƙofa da albasa a hannu. Tsohon nan da ke salla a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Wai, "Liman, zafin Keffi ne ya hau maka kai. Ka riƙa shaƙa, ka zuba ruwan randa a ka, haɓon zai tsaya." Na karɓa na yi godiya. Me zan ce?

Kujerar tasa ma ta ishe ni. Sai an tayar da kabbara take fara ƙara a siminti.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Gwiwoyi kuma. Ta dama ta kumbura ta yi zafi, jiya idon sawun hagu ne, yau shi ya sake ni. Ciwo mai yawo kamar ɗan talla. Da asuba ƙuguna ƙamewa yake, sai na dafa bango na yi ta zagaya ɗaki kafin ya yarda in sunkuya.

Mai kemis ya ba ni ƙwayoyin ciwon jiki. Suna aiki, ba ƙarya. Matata Huraira ta ce in je asibiti. Na ce mata na ciki basir ne, na gwiwa sanyin ƙashi ne, wane magidanci ne ba shi da su? Ta ci gaba da aikinta, amma na san ba ta gama magana ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na sake kama hanci. Magariba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na daina cin abinci da rana. In ciki ba komai, ba abin da zai fita, haka na yi tunani. Ashe yana da abin fitarwa. Ko ruwa na kurɓa sai na ji shi yana ƙugi. Mazagin wandona kullum sai na ƙara ɗaure shi.

Na koma gajerun surori. Wani ɗalibin jami'a ya ce da abokinsa, ina ji, "Liman ya zama ekspres." Suka yi dariya. Ba su da laifi.

Maganin haɓo kuwa ya cika mini taga. Mai kawo gari a ƙullin leda, mai kawo man shafawa, har da wanda ya rantse hayaƙin busasshen kashin jaki shi ne ƙarshen magana. Kowa da nasa, kowa da tausayi a fuska.

Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba: ina karanta Fatiha bakina na tafiya, amma zuciyata tana ƙofa. Ina auna tazarar da ke tsakanina da buta. Mutane suna bayana sun dogara da ni, ni kuwa hanjina nake saurare. Wannan salla ce?

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun yi da Huraira.

Ta ga idona ya yi ja, ta ga ba na iya cin miya saboda ƙurajen baki, ta ga jajayen kulluttukan da suka fito mini a ƙwauri. Ta sake kawo zancen asibiti. Na daka mata tsawa, na ce ai haɓo ne kawai da gajiya. Ban san lokacin da ƙaryar ta bi ni har gida ba.

Ta ajiye bokiti ta dube ni. "Malam, ni ke wanke wandunan nan. Mutanen masallaci za ka gaya wa haɓo, ba ni ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na shige ɗaki na rufe, na haɗiye ƙwayoyin kemis ba ko ruwa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Jinin ya ƙaru. Na gaji. Wallahi na gaji.

Alhamis, 1 ga Mayu

Azahar. Na yi sujada na kasa tashi.

Gwiwar ta ƙi. Goshina a ƙasa, ina cewa tashi, tana cewa a'a. Shiru ya yi tsawo har wani daga baya ya ce subhanallah, a zatonsa mantuwa na yi. Na dafa bangon gaba da hannu biyu na miƙe kamar tsohuwar saniya. Yadda na ƙarasa sallar Allah ne kaɗai ya sani.

Bayan sallama Mahfuz ya matso ya rage murya. "Malam, ko za ka ɗan huta, in riƙe maka kwana biyu?"

In riƙe maka. Da haka ake farawa. Muryarsa ta fi tawa daɗi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Na ce masa in na mutu a sanar da shi. Ya sunkuyar da kai. Allah ya yafe mini, amma har yanzu raina bai huce ba.

Ni na san hukuncin. Wanda ba ya iya tsayuwa da sujada ba ya jan masu iyawa. Ni nake koyar da shi bayan Magariba. In gwiwar nan ta tafi, wurin Baba ya tafi.

Litinin, 5 ga Mayu

Huraira ta kira mai keke napep ba ta tambaye ni ba. Na tafi asibitin, amma na ce gwiwa kawai zan nuna.

Dakta Natan, mutumin Garaku ne, Hausarsa da ɗan karkata amma yana da haƙuri. Ya matsa gwiwar, ya duba ƙwaurina, ya leƙa idona, sai kawai ya ce, "Malam, yaya toilet ɗinka?" Na ce gwiwa ta kawo ni. Ya ce ya ji, amma yaya toilet ɗin. Huraira ta amsa a madadina. Duka ta faɗa, ba ta rage komai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce in nuna masa abin da nake sha. Da ya ga ƙwayoyin kemis sai ya saka su a aljihun teburinsa ya rufe. "Wannan yana kwantar maka da gwiwa, yana tayar maka da hanji. Kada ka ƙara."

To da me zan yi sujada? Ya ce sai an leƙa cikin hanjin da kyamara, a Abuja.

Laraba, 14 ga Mayu

An yi awon. Ba zan rubuta ta inda kyamarar ta shiga ba.

A hanyar dawowa cunkoson Mararaba ya riƙe mu. Na jiƙe da gumi ina damƙe da kujerar mota, ina roƙon Allah kada ya kunyata ni a gaban mutane. Ban roƙi Aljanna ba, ban roƙi komai ba, wannan kawai.

Talata, 20 ga Mayu

Ciwo ɗaya ne.

Ba basir, ba sanyin ƙashi. Dakta ya ce babban hanjina ne ya kumbura ya yi gyambo, jikin da kansa ke yaƙar kansa. Gwiwar, ƙugun, jan idon, ƙurajen baki, duk 'ya'yansa ne. In hanjin ya tashi su tashi, in ya kwanta galibi su kwanta. Na tambaye shi yaushe zan warke.

"Ba ya warkewa kwata-kwata, Malam. Amma ana kontrol ɗinsa. In ka riƙe magani za ka samu sauƙi sosai. Yana tafiya yana dawowa."

Na ce sujada fa?

"In ya lafa za ka yi. Yanzu dai ka samu kujera."

Kujera. Ya faɗe ta kamar ba komai ba. Da muka fito na zauna a gefen kwalbati na yi kuka da gemuna, masu acaɓa na wucewa. Huraira ta tsaya a gabana ta baza mayafinta don kada a gan ni.

Juma'a, 23 ga Mayu

Tun ranar da mai kemis ya fita daga rayuwata gwiwar ba ta lanƙwasuwa. A ɗaki nake salla, a bakin gado. Na aika a ce Liman ba ya jin daɗi.

Lasifika tana shigo mini da muryar Mahfuz sau biyar a rana. Na rufe taga, tana shigowa.

Yau na ce, ya Allah ka ɗauki haƙorana, ka ɗauki ji na, ka bar mini gwiwar nan. Sai na tsorata da kaina na yi istigfari. Wa ni da zan yi ciniki?

In ban tsaya a gaba ba, ni wane ne a unguwar nan? Ban iya komai ba sai wannan.

Laraba, 28 ga Mayu

Mahfuz ya zo gaisuwa da lemo. Bai zauna a kujera ba, ƙasa ya zauna. Ya ce dardumar Baba da nake limanci a kai ya naɗe ta ya ɗora a kan kanta, tasa yake shimfiɗawa. "Wurinka na nan, Malam."

Na ce ya gaida mutane. Iyakar abin da na iya ke nan.

Jinin ya ragu. Na sha kunu ya zauna. Ban gaya wa Huraira ba, amma na ga ta lura.

Litinin, 2 ga Yuni

Na je La'asar.

Ba wani dalili, ɗakin ne ya yi mini zafi. Na ɗauki kujerar robar da Huraira ke zama in tana tsince shinkafa, na yi sanda da ita har masallaci. Da Mahfuz ya gan ni ya ja da baya daga gaba. Na yi masa alama da hannu ya tsaya inda yake.

Babu wurin kujera sai ƙarshen sahu, gefen Baba Dogara. Ya ja tasa ya ba ni fili, ta yi ƙarar nan. Tawa ma ta yi.

Kafin a tayar da iƙama ya karkato. "Liman, yaya haɓon?"

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "Baba, hancina lafiya lau. Hanji ne."

Ko gezau bai yi ba. Yana gyara hularsa ya ce, "Mun sani, ɗana. Wa ya taɓa ganin mai haɓo da farar riga fes, yana gudu da buta? Kai ka koya mana abin da kama hanci ke nufi. Ka ce haɓo, muka ce haɓo."

Albasar. Garin ledar. Har mai kashin jaki.

Aka kabbarta. Ban duba ƙofa ba, sai bayan sallama na tuna tana nan. Ban san rabona da salla irin wannan ba, kuma ba na son in yi dogon tunani a kai.

Na zauna har Magariba, tunda gwiwar ba ta son kai da kawo. Mahfuz yana jan madda a karatu fiye da kima, zan gaya masa. Amma da ya kai ƙarshen Fatiha na ji wata murya ta fi ta kowa ƙarfi wajen amin, har Baba Dogara ya ɗan zabura. Tawa ce.

Kujerar na bar ta a can. Nauyi gare ta, ba wani abu ba.