Inuwar da ke cikin idona na hagu

Apa mai ba mu shawara, ki taimake ni. Ko Amma, mahaifiyata, ban faɗa wa wannan maganar ba.

Shekarata goma sha uku, a wani ƙauye nake kusa da garin Jashore. Bara likita ya ce ina da lupus, wai jikina ne ke yaƙar kansa. Da rana ta ƙona mini fuska, Abba ya cire ni daga makaranta. Sai da na yi ta kuka ya bar ni na koma, da laima ko babu ruwa.

Tun farkon damina wata inuwa ta zauna mini a idon hagu, kamar an dangwala yatsa mai gawayi. Ba zafi, ba ja. Ni ce mai zura wa Dadi, kakata, zare idan tana ɗinkin bargo da tsofaffin zannuwa. Yanzu sai na rufe idon nake ganin kafar allura. Dadi tana ta tsokanata, wai wa nake koyon kashe wa ido tun yanzu. Nakan yi dariya, in zaga bayan ɗaki in yi kuka. Na saci kwallinta na sa, bai yi komai ba.

Idan Abba ya ji, zai ce karatu ne, kuma ba zan sake komawa ba. Na yanke shawarar yin shiru har a gama jarrabawa bayan damina.

Mai Laima

*

'Yata Mai Laima,

Tsoronki yana da dalili, amma wannan shawarar ba zan goya miki baya a kanta ba. Lupus kan kumbura ko ta toshe ƙananan jijiyoyin jini da ke can bayan ido, inda kwalli ba ya kaiwa. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Ganin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, wanda ya rage kuwa sau da yawa ana ceto shi idan an hanzarta. Ki ga likitan ido a makon nan, kuma kada ki daina shan maganinki.

Abbanki ba makaranta ya tsana ba, tsoro yake ji. Ki fara faɗa wa Dadi, ita ce zai saurara. A asibiti ki roƙi likita ya gaya masa da bakinsa cewa karatu ba ya jawo wannan.

Jarrabawa ana sake ta, 'yata. Ido ba a sakewa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya bar miki ganinki da karatunki duka.

Aparki