Hannun Ummi na Hagu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fata Allah Ya haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta isa kabari, amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai ke.

Maganar takwararki ce, 'yata Ummi.

Kin tuna lokacin da likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta taɓu wajen haihuwa, shi ya sa jikinta ke sandarewa? Aka tura mu wurin Madam Ngozi mai koya wa yara irinta amfani da hannu. Muka iske ta zaune a tabarma cikin yara da ƙwallo da marafan kwalba. Kika ja ni gefe kika ce, "Yanzu tun daga unguwar Kwararafa muka taso don a yi mana wasan yara?"

Ashe ke za ki fi kowa riƙe wasan. Madam ta ce hannun dama ya dunƙule, a kama na hagu tun yana da laushi. Kika riƙa tsinto marafan kwalba a kasuwar Terminus, masu shago na yi miki dariya. Kullum da hantsi kina tabarma, Ummi na jefa marfi a gwangwani, ke kina guɗa sai ka ce an kawo amarya. Kika kwaɓa mata fulawa tana mulmulawa. Burinki ɗaya ne, ta ci abinci da kanta, don kin sha cewa, "Uwa ba ta tabbata, hannun mutum shi ne nasa."

Inna, ta ci! Bayan rasuwarki ne, ranar sallar layya. Gida cike da baƙi, ta miƙa hagun nan yana rawa, ta damƙo lomar tuwo, ta kai baki. Rabi ya zube a riga. Ban gama hamdala ba na ji tas! Goggo Laure, yayar babanta da ta zo daga Kuru, ta make hannun, wai Shaiɗan ne ke ci da hagu.

Wallahi na ji haushin da ban taɓa ji ba. Goggo ta ba da haƙuri, ta ce ba ta sani ba. Malamin unguwa ma ya ce lalura ce, babu laifi ko kaɗan. To, wa zai fahimtar da yarinya fatawa?

Tun ranar ta cusa hagun a hammata. Na zube marafan, ta kau da kai. Madam ta gwada ƙwallo, ta gwada waƙa, a banza. Yanzu ta ce yatsun sun fara ƙagewa, kuma ta faɗa tana kallon ƙasa. Na gaji, Inna. Ban ƙara yarda za ta ci da kanta ba.

Jiya na ajiye mata tuwo. Ta daɗe tana kallon kwanon, sai ta ɗago hannun daman nan da bai taɓa buɗewa ba, ta turo mini shi in buɗe mata. Na yi iya yina, bai buɗu ba. Na ba ta a baki.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma Ya ba ni tsawon rai, ko don wannan bakin da ke jirana.

'Yarki,
Maman Ummi