Ƙeyar Lauya Pargeter

Litinin, 5 ga Mayu, 1794
An manna zanen ba'a a kaina a tagar wani shagon zane a titin Strand. Lauya ne ya ba mutane baya, yana figar agwagwa da ranta, yana fiƙe alƙalami da gashinta. Ba fuska. Amma ga ƙunar kyandir a ƙeyar hular gashinsa, irin tawa sak. 'Yan dako har riƙe ciki suke yi.

Talata, 6 ga Mayu
A harabar kotu Ludlow, abokin aikina, ya ce, "Pargeter, juya mana ƙeya mu gane ka." Na taya su dariya. Abincin rana ya ƙi shiga.

Alhamis, 8 ga Mayu
Zan sayi farantin tagullar da ake buga zanen da shi in jefa shi kogi, haka manya ke yi. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: wa ya san ƙunar nan? Ni kaina sai da madubi biyu na gan ta.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je. Mai shagon ya kai ni ɗakin baya, inda mata ke shafa wa zanen launi. Cikinsu har da Uwargida Tilbrook, wadda nake riƙe da shari'ar gidan marigayi mijinta shekara shida. Ban ma san ta fara aikatau ba. Ko tashi ba ta yi ba.
"Ni na zana, yallaɓai."
Na ce ko fuskata ba ta iya ba.
"Ina na san ta? Duk zaman kotu ina bencin bayanka, ka miƙe ka nemi a ɗaga shari'ar, ka fice ta ƙofar lauyoyi. Ƙeyar na sani."
Ta ce in an sake ɗagawa, gidan zai rushe kafin a san mai shi, rufin ya riga ya tafi. Ba faɗa ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.
Ban sayi farantin ba. Na ji kunya, abin da ya jima bai same ni ba.

Laraba, 14 ga Mayu
An kira shari'ar Tilbrook. Na ce a shirye muke. Alƙali ya ɗago yana dubana kamar baƙo. Ba don zanen ba ne, takardun dama sun daɗe da kammala.
Kafin in fara magana na juya baya na dubi Uwargida Tilbrook, sau ɗaya. Idonta ɗaya ya fara fari. Ban san tun yaushe ba.