Na San Wanda Ya Ƙone Birnin Gilashi

Zuwa ga Abdul'aziz, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, dabinon bakina, masanin sarakunan da ba a taɓa haifa ba!

Ina fata kana lafiya, kai da shagonka na gyaran salula a Zango, da jarumin nan naka na cikin wasan waya, wanda na ji ya samu sabon sulke. A taya ni yi masa murna. Ni dai atamfar da na ɗinka dominka har ta fara koɗewa ba ka gan ta ba.

Ka tuna yammacin da aka yi ruwan farko, muna zaune a zauren gidanmu a Birni, ƙanshin ƙasa ya cika unguwa? Na sha lalle, na shafa humra. Ka dube ni, idanunka suka yi laushi, ka ce akwai tambayar da ta daɗe tana hana ka barci. Na sunkuyar da kai, amsata tana kan harshe. Sai ka ce, "Zuliha, a ganinki wa ya ƙone Birnin Gilashi?"

Har aka kira magariba kana yi mini bayani. Wai wasan ba ya ba da labarinsa kai tsaye, ya warwatsa shi a jikin takuba da zobba da duwatsun kaburbura, sai mutum ya tsinta ya harhaɗa. Wai kai da abokanka kun rabu biyu, wasu sun ce dodo mai aman wuta ne, wasu sun ce waziri ne. Ka jero mini kakannin sarkin birnin, da wanda ya auri 'yar wa, ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ana haka Baffa Kolo, waliyyina, ya shigo. Ka durƙusa cikin ladabi ka gaishe shi da sunan Baffa Adam. Baffa Adam da aka binne bara, wanda kai ma ka zo ta'aziyyarsa! Wane irin ilimi ne wannan, ya hasken rayuwata?

Fushi ne ya sa na saka wasan a wayata, don in ga abin da ya fi ni. An kashe ni a ƙofar birnin har na daina jin haushi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na kai wayar caji gidan maƙwabta. Inna ta ga ina ta karanta Faransanci, ta zaci karatun lekol ne, ta yi ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye maka ba, labarin ya kama ni, har na yi wa wani yarima da aka kora ƙwalla.

A bakin wata busasshiyar rijiya na tarar da fatalwar wata mace. Duk kuna wuce ta da gudu, don ba ta ba da takobi ko zinari. Ni na zauna na saurare ta har ta gama, abin da ban ga kun saba yi wa mace ba. Ta faɗa mini komai. Ba dodo ba ne, ba kuma waziri ba ne. Rijiyoyin wasan suna da yawa, masoyina, kuma ba zan gaya maka wacce ba.

Yanzu ajiye wayar ka ji. Ranar Juma'a Baffa Kolo ya kira ni. Iyayen Mutari, malamin makarantar lise, sun zo neman aurena. Baffa ya ce in manyanka ba su zo kafin azumi ba, zai amsa musu. Mutari mutumin kirki ne, ya san sunan kowa a gidanmu, amma ban taɓa leƙa ƙofa don in ga ko babur ɗinsa ne ya tsaya ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har idanuna suka kumbura. Kai nake so, da shiriritarka da komai. Ina zan kai wannan zuciya in ka bari aka ba da ni?

Ka turo manyanka da goro. Ranar da aka kai ni ɗakinka, kafin in kwance lulluɓi, zan raɗa maka sunan wanda ya sa wutar. In kuwa ka makara, da sirrin zan tafi gidan wani, ka tsufa kana zargin dodon da bai ji ba bai gani ba.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba ta da wani jarumi sai kai,

Zuliha