Maigidana ya kwanta yana tara ƙarfin zuwa Fachi

Assalamu alaikum Malama Ramata. Ki taimake ni da shawara, don tawa dabarar ta ƙare, faɗa kuma na yi har na gaji da jin muryata.

Maigidana tsohon ɗan ayari ne. Tun kafin a kai ni gidansa yake bin raƙuma zuwa Fachi ɗauko gishiri da dabino, sai da gwiwa ta fara yi masa gardama ya bari, ya zauna rumfa yana sayar da abin da wasu suka ɗauko. Yanzu ya haura saba'in. Bana aka aiko masa cewa mai masaukinsa na Fachi, wanda suka yi shekaru suna ci a kwano ɗaya, idonsa ya tafi, kuma duk ayarin da ya sauka sai ya tambaya ko da Alhaji a ciki. Tun ranar maigidan nawa ya ce in kaka ta yi da shi za a tafi, kuma bisa raƙumi, yadda ya saba shiga garin.

Ban hana shi ba, ni kaina sai da na yi hawaye. Shirin ne ya dame ni. Autanmu Bashar da ke haƙar zinariya a Tchibarakaten ya aiko masa da ƙaton gwangwani na garin ƙarin ƙarfi, irin wanda samari masu ɗaga ƙarfe ke sha, da hoton wani basamude ba riga a jiki. Rubutun ma ba Faransanci ba ne, babu wanda ya iya karanta shi a gidan. Alhaji ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya ce shi ya san yadda ake shirya raƙumi: a sauke masa kaya, a hutar da shi, a ciyar da shi har tozo ya cika. To haka zai yi wa kansa. Ya bar zuwa rumfa. Masallacin unguwa ma ya daina takawa, a zaure yake salla. Yana nan miƙe bisa tabarma, wai kada ya ɓarnatar da ƙarfin kafin ranar. Gari kuwa safe da yamma, a dama da ruwa. In na kawo tuwo sai ya taɓa ya ture, wai garin ya fi tuwo. Nama daman haƙora sun raba su, cuku ma tun da na ƙasa suka zube ya bar shi.

Malama, ni ke zaune da shi, ni ke ganinsa. Ciki ne ya fito, ƙafafu kuwa sun koma kamar muciya. Shekaranjiya sai da ya dafa bango sannan ya tashi daga sujada, ya waiga ya ga ko na gani. Na gani, na yi kamar ina tsince shinkafa. Har na yi niyyar juye garin in cika gwangwanin da garin gero, sai na tuna yaron da guminsa ya sayo. Ina tsoron ya faɗi cikin hamadar Tenere. Ina kuma tsoron in hana shi, abokin nasa ya rasu ba su gana ba, ya riƙe ni da wannan har ƙarshen ransa. Yaya zan yi?

Matar tsohon ɗan ayari, Agadas

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, abin nan mai gyaruwa ne, kuma lokaci bai ƙure ba.

Kada ki juye garin, kada kuma ki musanya shi a ɓoye. Ranar da ya gane, maganarki ta daina shiga kunnensa. Bashar bai yi laifi ba. Irin wannan gari yawanci furotin ne, abin da ke cikin madara da ƙwai da wake, kuma yakan taimaki dattijon da ba ya samun isasshe a abinci. Amma ƙari ne bisa abinci, ba ya maye gurbin tuwo da miya. Gwangwanin da ba a iya karantawa kuma, ba a san me aka haɗa a ciki ba. Ku ɗauke shi ku je gidan likita tare da Alhaji, a auna tansiyo, wato hawan jini, da suga, a duba ƙoda, lokotoro, likitan ke nan, ya ce a ci gaba ko a bari. Kafin nan a rufe shi a ajiye.

Babban kuskuren kwanciyar ce. Tsokar mutum ba ta taruwa da hutu, zubewa take yi, ta tsoho kuwa ta fi saurin zubewa. Ko buhu ya shanye yana kwance, ƙafa ba za ta ga komai ba. Kada ki ja da shi da maganar likita, ki tambaye shi da nasa sanin: raƙumin da ake shiryawa, a turke yake yini ko a daji? Ya fi mu sanin cewa sakinsa ake yi kiwo, yana tafe yana ci tun safe har yamma. Ki bar shi ya ba kansa amsa.

Daga nan sai aiki. Ya koma masallaci da ƙafa, ya koma rumfa. A gida ya riƙa zama bisa kujera yana tashi, yana maimaitawa har cinyoyi su amsa, ya riƙa ɗaga bidon, wato jarka, mai rabin ruwa, ana ƙarawa sannu a hankali. Ke kuma ki dama masa furar da ya saba sha a hanya, ta gero da cuku da dabino, wannan ba ta neman haƙori. Ki daka nama cikin miya, ki ba shi ƙwai da wake da ya dahu luguf, madara kuma kullum.

Batun tafiya, ku yi yarjejeniya tun yanzu a gaban wanda yake jin nauyi. In kaka ta yi yana tashi daga ƙasa ba dafa bango, yana kai kasuwa ya dawo ba haki, lokotoro kuma ya yarda, sai a duba maganar raƙumi. In ba haka ba, ya shiga mota. Ko ta yaya Fachi zai je, ki faɗa masa haka da bakinki don ya san kina bayansa. Ki kuma tuna masa a hankali cewa mai jiransa ba zai ga bisa me ya iso ba, sallamarsa yake son ji a ƙofar gida.

Allah ya ƙara wa Alhaji ƙarfi, ya sada su da rai, ya dawo miki da shi lafiya.